Ɗakin Fentin da Ake Kullewa ta Waje

Zuwa ga:
Mai Girma Babban Jami'in Duba Masana'antu,
Sashen Kula da Lafiyar Ma'aikata.

Daga:
Yayar wata ma'aikaciya a kamfanin 'yan tsanan roba da ke bayan tashar wutar lantarki.

Kwanan wata: 9 ga Yuni, 2025

Game da: Kulle mata tara a ɗakin fenti a lokacin aiki

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa ta girmamawa da fatan alheri, ina rubuto wannan ƙorafi ne a madadin ƙanwata, uwa ɗaya uba ɗaya. Ita ba ta da ikon rubutawa, domin an sa ta ta sa hannu a kan cewa ba za ta fitar da maganar kamfani waje ba.

Kamfanin yana ƙera 'yan tsana masu siffar taurarin tsofaffin katun, irin waɗanda muka kalla muna yara: kada mai lema, jimina mai jakar wasiƙu, tsohon biri mai tabarau. Ba don wasan yara ake yin su ba. Manya ne ke saye su jera a kabad, ko kwalin ba sa buɗewa. Kowane iri guda ɗari biyar kacal ake yi, da lamba a tafin ƙafarsa. Aikin ƙanwata shi ne zana musu idanu da wani siririn buroshi, shekararta huɗu ke nan, har abokan aikinta suna kiranta Mai Ido. Ga abin da nake kuka a kai:

1. Ranar Litinin, 3 ga Maris, aka nemi kada mai lamba 212 aka rasa. Aka caje jakunkunan matan da ɗankwalayensu, ba a samu ba. Daga ranar Laraba, 5 ga wata, shugaban sashe ya fara datse musu ƙofa da kwaɗo ta waje, daga takwas na safe zuwa ɗaya, sannan daga biyu zuwa biyar. Ya sa aka buga wa tagogi biyun ƙusa, wai kada a jefa kaya ta can. Makullin yana aljihunsa, shi kuma ofishinsa yana wani ginin dabam.

2. Ɗakin bai fi ɗakin ajin da nake koyarwa ba. A ciki akwai gwangwanayen fenti, da ruwan tsinka shi wanda ke kama wuta, da injin busarwa. An ajiye musu bokiti a bayan labule don uzuri. Ina jin kunyar rubuta wannan ga mai girma irinka, amma haka abin yake, kuma a cikinsu akwai mai jikoki.

3. Ranar Talata, 8 ga Afrilu, da misalin sha ɗaya da rabi, wata mai juna biyu a cikinsu ta yanke jiki ta faɗi. Ƙanwata ta ɗauki kujera tana dukan ƙofa har ƙafar kujerar ta karye. Minti arba'in suka yi kafin shugaban sashen ya zo. Da ya buɗe, ya tsaya a bakin ƙofar ya ce ba mai fita sai ya ga kowane tiren 'yan tsana cike yake. Matar tana kwance a ƙasa, ana yi mata fifita da kwali, shi yana bin jiminu yana duba tafin ƙafarsu ɗaya bayan ɗaya. Allah Ya sa cikin bai zube ba, amma ba ta dawo aiki ba, kuma an kawo wata a madadinta.

4. Ranar 22 ga Afrilu mai shara ya tsinci kadan nan a bayan injin busarwa, ya sha ƙura, lemarsa ta karye. Ba wanda ya ba matan haƙuri. Kwaɗon ma yana nan inda yake, wai tsarin ya nuna amfaninsa.

5. Na kai kuka ofishinku da bakina a farkon Mayu, aka karɓe ni da mutunci, ina godiya. Jami'inku ya je ranar Alhamis, 15 ga wata. Sai dai kamfanin ya san da zuwansa tun ranar Talata. Jami'in ya tarar da ƙofa a buɗe, an zare ƙusoshin, an kawo fankoki biyu, kowace mace da takunkumi sabo. Ranar Juma'a aka kwashe fankokin, aka mayar da kwaɗon da ƙusoshin. Ba na zargin kowa, ina bayyana abin da ya faru ne kawai.

6. Za ka iya tambaya, ranka ya daɗe, me ya hana ta barin aikin. Ainihin takardar shaidar karatunta tana hannunsu, sun ce sai ƙarshen kwantiragi, saura wata goma sha huɗu. Ni ce kuma na tsaya mata, kuma a rubuce yake cewa idan ta tafi kafin lokacin, ni za a maka a kotu. Ni na ga tallar aikin, ni na kai ta da hannuna, don tun tana ƙarama ba ta da abin yi sai zanen katun a bayan littattafaina. Na ce mata ta fito, duk abin da zai same ni ya same ni. Ta ce, "Yaya, ki bari kawai, ai na fara sabawa." Yanzu ko a gida ba ta yarda a tura ƙofar ɗaki tana ciki, abinci ma a bakin ƙofa take ci. Hannunta ya soma rawa, kuma tana ɓoyewa, don ta san ranar da suka lura za su ce ta ɓata musu kaya.

Saboda haka ina roƙon mai girma, cikin ƙanƙan da kai, da a sake turo jami'i ba tare da an sanar da kowa ba, tsakanin tara da sha biyu na safe, ya shiga ta ƙofar masu kawo kaya, ya wuce kai tsaye ƙofa ta uku a hannun hagu. A cire kwaɗon, a buɗe tagogin, likita ya duba ƙirjin matan tara. A mayar wa kowacce takardar shaidar karatunta. Ina kuma roƙon kada wannan wasiƙa ta isa hannun kamfanin.

Gobe da bakwai da rabi zan sauke ta a bakin get ɗinsu kamar kullum, in wuce makaranta in tsaya gaban yara, kunnena yana wajen waya. Ina roƙon Allah Ya sa kiran da zai fara shigowa daga ofishinku ne.

Allah Ya ja zamaninka, Ya ba ka ikon yin adalci.

Taka mai biyayya,

(Sa hannu)
Yayar Mai Ido,
Malamar aji huɗu, makarantar firamare.