Wa Ya Gaya Musu Ina da Farfaɗiya?

Toledo, 6 ga Oktoba

Yaya Wendell,

Gaisuwa, don kada a ce ba ni da tarbiyya. Ina fata shagon tayoyinka lafiya.

Ranar Litinin wani kamfanin jigilar kaya ya ba ni aikin tsara tafiyar direbobi, saura kawai su ji ta bakin wanda na yi wa aiki a baya. Sunanka na ba su, tunda shekara tara ina ɗaga maka waya a shago. Ranar Alhamis suka janye, wai sun sake tunani. Ban gaya musu ina da farfaɗiya ba, kuma doka ta hana su tambaya kafin su ba mutum aiki. To wa ya gaya musu? Lauyata tana son ka rubuta abin da aka tambaye ka, ka sa hannu.

Ƙanwarka,
Darlene

10 ga Oktoba

Darlene,

Na amsa gaisuwar, duk da ba ta kai ciki ba.

Lauya kuma! Sannu, manya. Eh, mun yi magana da matar ofishinsu, kuma ni ba na ƙarya don kowa. Ba akwai gurbin masu lalura a takardar neman aikin ba? Me ya hana ki cikewa? Bara da kika zube bayan kantar shago, wa ya tallafe kanki har kika farfaɗo? Lauyar ce? Ki dawo kujerarki, wayar shago sai ƙara take ba mai ɗauka.

Yayanki,
Wendell

14 ga Oktoba

Yaya,

Barka da fama da waya.

Gurbin nan ganin dama ne, har da inda aka rubuta "ba na son amsawa", kuma shi na zaɓa. Na yi niyyar gaya musu da bakina bayan na kama aiki, in nuna musu abin da za su yi idan ta tashi. Ciwona ne, ni ke da ikon faɗa. Ka daina zagaye-zagaye. Matar ce ta tambaye ka lafiyata, ko kuwa? Wallahi na ji zafin abin nan har raina.

Darlene

20 ga Oktoba

Ƙanwata,

Ina gaishe ki.

Ba ta tambaya ba. Zuwa aiki kan lokaci kawai ta tambaya, na yabe ki, muka ajiye waya. Ranar Laraba ni na sake kiranta na gaya mata. Na ce wa kaina tsoro nake ji kada ki faɗi cikin baƙi su cusa miki cokali a baki. Gaskiya ne, amma akwai kuma cewa ba na son ki bar shagon. Ga takardar, da rana da lokaci, na sa hannu. Ki yi yadda kika ga dama da ita.

Yayanki,
Wendell

29 ga Oktoba

Wendell,

Gaisuwa. Takardarka ta nuna sun sani Laraba, sun janye Alhamis, sai ga su suna neman sulhu. Zan fara aiki ranar Litinin.

Sun ba ni takardar wanda za a kira idan na faɗi. Na rubuta sunan maƙwabciyata.

Ka huta lafiya,
Darlene