Farin Gari a Bakin Ƙofa

Madain Fahd, Jidda
26 ga Oktoba, 2024

Yaya Amatullah,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fata kina lafiya, ke da Inna da yara. Tunda kin ce saƙon murya ba wasiƙa ba ne, ga shi na rubuta a takarda, zan ɗauki hotonta in turo miki.

Watana huɗu ke nan a Jidda. Maigidana Munir tun asuba yake fita aiki, kuma ba don Rebati ba, 'yar Indiyan nan da ƙofarta ke kallon tawa, da tuni na fara hira da bango. Ita ta nuna min kasuwa, ita ta yini da ni a asibiti ranar da zazzaɓi ya kayar da ni. Turancinmu duk gurgu ne, amma kullum sai mun yi dariya har da hawaye.

To Yaya, yau da safe na buɗe ƙofa na tarar an zuba farin gari a ƙasa, ɗigo-ɗigo da layuka a murɗe, daga ƙofarta har kusa da tawa. Kwana biyu kuma ina jin ana jan kaya a gidanta, ga ƙamshin wani turare da ban sani ba. Ba na son in zarge ta, ita kaɗai gare ni a garin nan. Me kike gani?

Ƙanwarki,
Mansura

Tudun Wada, Zariya
26 ga Oktoba

Mansura,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya, Inna tana gaishe ki.

Me nake gani? Barbaɗe nake gani! Ke dai tun kina ƙarama, duk wanda ya miƙa miki alewa ya zama ɗan'uwa. Kada ki kuskura ki tsallaka shi. Ki jiƙa gishiri a bokiti, ki yi addu'a, ki sa tsintsiya ki wanke wurin tas. In an sake zubawa ki sake wankewa, mu ga wanda zai gaji. Kuma ban ce ki tambaye ta ba.

Allah ya tsare,
Yayarki

Jidda
30 ga Oktoba

Yaya,

Ina gaisuwa, amma kin sa na tafka abin kunya.

Safiya uku ina wankewa. Jiya ina tsaka da yi sai ta buɗe ƙofa, yatsunta fari fat da gari. Ashe duk kwanakin nan mai gadin bene take zargi, har ta je ta yi masa faɗa, bawan Allah yana ta rantsuwa. Ta kalli bokitin, ta kalle ni, idonta ya kawo ruwa. Da ƙasa za ta tsage da na shige. Na faɗa mata gaskiya duka, har da gishirin.

Garin shinkafa ne, Yaya. Kolam suke ce wa zanen, maraba ce ga baƙi da alheri, tururuwa ma ta samu abin ci. Gobe Alhamis ne bikinsu na fitilu, Dipabali, kuma wannan ne na farko da za ta yi nesa da mahaifiyarta. Jan kayan da nake ji kuwa, wurin ibadarta take son gyarawa. A al'adarsu sai a kusurwar arewa maso gabas yake zama, nesa da takalma, kada kuma ya jingina da bangon banɗaki, wai ta haka gida ke samun natsuwa. To a kusurwar akwai wata ƙatuwar durowa, mijinta yana aiki a Yanbu, ita kaɗai take ta fama da ita.

Na gyara ɗaurin zani muka ture ta tare. Da aka zo kan 'yan mutum-mutumin da take bauta a gabansu, ita da kanta ta ce in matsa, ta san addinina, ta jera abinta a ƙaramin kabad ta rufe. Ni kuma na wanke labule, na goge tagogi har hannuna ya yi tsami.

Ta yi godiya, amma ba ta yi dariya ba ko sau ɗaya. Yau da safe kuma ba ta zana komai ba. Wallahi ganin wurin nan fayau ya fi damuna a kan ganin garin.

Ƙanwarki,
Mansura

Zariya
30 ga Oktoba

Ƙanwata,

Ina amsa gaisuwarki da kunya. Na karanta wa Inna, ta yi dariya har ta ƙware, ta ce dama ni ko inuwata ban yarda da ita ba. Ki faɗa wa baiwar Allah nan shawarar daga Zariya ta zo, ta yafe min. Kada ki je hannu rabbana. Ki ɗebi dambun naman san da na aiko miki ki kai mata, babu fushin da yake tsayawa a gabansa.

Yayarki mai laifi,
Amatullah

Jidda
31 ga Oktoba

Yaya,

Barka da yamma. Naman sa, ga Bahindiya da addininta ya hana cin saniya, ranar bikinta? Don Allah ki huta da ba ni shawara zuwa baɗi. Alkaki na yi mata.

Bayan sallar asuba na ji motsi, na leƙa. Tana tsugune tana zana wani ɗan mitsitsi a maƙure jikin ƙofarta, tana ganina ta kare shi da hannu. Na naɗe tabarmar ƙofata na jefa ciki, na nuna mata filin na ce, "Yalla, har nan." Ta kalle ni ta ce, "Babu gishiri?" Muka fashe da dariya har mai gadi ya hauro.

Yanzu zanen ya cike tsakanin ƙofofinmu, da ja da rawaya, sai da Munir ya tattare jallabiya ya yi tsalle kafin ya fita aiki. A falonta nake rubuta miki wannan, fitilu a jere, bakina cike da zaƙi. Ta ce ta yafe miki.

Ƙanwarki mai farin ciki,
Mansura