Na Ce Ban Gane Maganar Ɗalibata Ba

Assalamu alaikum, masu karatu. Don Allah a ɓoye sunana, kuma ku karanta har ƙarshe kafin ku zage ni, ni ma zagin kaina nake.

Malamar firamare ce ni a wata makarantar kuɗi a Omdurman. Bahaushiya ce ni gaba da baya, kakannina mahajjata ne da suka zauna a nan, amma a wurin aiki ba wanda ya sani. Na sha jin yadda malamai ke yi da "Fallata", sunan da suke kiran irinmu da shi, a ofis, sai na kama bakina, Larabci zalla nake yi. Bana mudira, wato shugabarmu, ta kawo tsarin jauda: komai sai an auna ingancinsa, yaron da bai kai ma'auni ba a sallame shi. Akwai wata yarinya Bahaushiya a ajina da suka taso daga yankin Jazira da kakarta, Larabcin littafi yana ba ta wuya, amma kanta yana ja. Ta taɓa kama ni a motar kasuwar Suk al-Shabi ina waya da Innata da Hausa, ta yi murmushi, ni kuwa na kau da kai.

Ranar da mai duba inganci ya shigo ajina, sai ya nuna ta, ya tambayi abin da ke sa ruwan randa sanyi. Ta daburce, Larabci ya gudu, sai ta ce da Hausa, "Randar gumi take, iska ta busar, ta tafi da zafin." Wallahi amsar ke nan! Mutumin ya juyo gare ni ya ce, "Ustaza," wato malama, "me ta ce?" Mudira na tsaye a bakin ƙofa. Kun san abin da na ce? Na ce ban gane ba, surutu ne kawai. Wace irin malama ce ni? Wane inganci nake koyarwa?

Yanzu an ce ba ta fahimtar darasi, za a sallame ta ƙarshen mako, ra'ayina kaɗai ake jira. In na faɗi gaskiya, na zama maƙaryaciya a gaban mudira, ƙila aikin ya tafi, ga Innata a wuyana. In na yi shiru, yarinya ta koma gida.

Jiya da aka tashi yarinyar ta tsaya a bayana, a hankali ta ce, "Ustaza, ai kin ji ni. Daidai na faɗa, ko?"

Jama'a, me zan yi?