Turakuna Sun Koma Kan Tudu

Laraba da dare, ƙarshen Afrilu

Yau na koma bakin dam ɗin Tiga na duba turakun da na kafa bayan damina, iyakar inda za a hana kamun kifi don ya samu ya hayayyafa. Goma sha biyu na kafa, ruwa har gwiwata. Yau dukkansu a busasshiyar ƙasa suke. Taku ɗari da arba'in na ƙirga daga na ƙarshe zuwa ruwa. Wani har ya ɗaure akuyarsa a na bakwai.

Baba Sarkin Ruwa ne ya raka ni. Ya dubi akuyar ya ce, "Malama, ashe makiyaya kika killace mana."

Na kasa dariya. Na ce ai da damina ruwan zai dawo. Sai ya nuna min kan wata matacciyar kuka da ya ɓullo can tsakiyar ruwa.

"Ina yaro a gindinta muke wasa, kafin ruwa ya ci garinmu. Ban sake ganinta ba sai bana. Kifin da ya rage duk yana can ƙarƙashinta. Da kin tambaye mu, 'yata."

A makaranta tekun da ke cin gaɓa muka karanta. Ba wanda ya koya min shata wa ruwan da ke guduwa iyaka.

Jibi zan miƙa taswirar iyakar da na zana a ofishinmu. In na miƙa ta a haka, akuya dokar za ta kare, ba kifi ba. In na sake zane, sai an yi wata kafin a sa hannu.

Muna tahowa na ƙirga jiragen masunta tara sun nufi kukar da taru.