Ni na taɓa kwamfutar, Anti Rakiya aka dakatar

Assalamu alaikum Admin da masu karatu. Don Allah a ɓoye sunana, kuma a ji ni kafin a zage ni, na riga na zagi kaina.

Ni ke kula da kwamfutoci a wani ƙaramin asibiti a Birnin Gwari. Saboda netwok ɗinmu yau akwai gobe babu, bayanan majinyata duk suna cikin kwamfuta guda a ofis, ita muke kira saba. Wata Talata ƙaiƙayin hannu ya sa na kunna mata sabon tsarin adireshi, IPv6, don in gwada abin da na koyo. Ban gaya wa kowa ba. Ashe manhajarmu tsohon tsari kaɗai ta sani, IPv4. Da an kira sunan sabar sai kwamfuta ta nufi sabon adireshin, inda babu kowa, alhali bayanan suna nan lafiya a tsohon.

Washegari aka kawo wata mai ciki daga Gwaska a kan babur, tana zubar da jini. Likita ya ce sai Kaduna, a ciro sakamakon gwajinta na baya a haɗa mata. Anti Rakiya mai kula da kati ta danna, ta danna, shiru. Ina tsaye a bayanta, na gane aikina ne, amma tsoron in gyara a gaban likita a gano ni ya riƙe mini hannu. Kafin a sake gwaji a rubuta takarda, ayarin motocin da jami'an tsaro ke rakawa zuwa Kaduna ya tashi. Wa zai ratsa dajin nan shi kaɗai? A nan wajenmu ta haihu, jaririn bai zo da rai ba.

Shugaban asibiti ya ce, "Kai, me ya samu na'urar?" Na ce, "Ranka ya daɗe, sai dai in wani ya taɓa." Kowa ya juya ya kalli Anti Rakiya. Suna fita na kashe sabon tsarin, minti biyu komai ya dawo. Ni aka yaba, ita aka dakatar. Wane irin mutum ne ni?

Jiya muka haɗu a kasuwa. Ta ce, "Ƙanena, don Allah ka nuna mini inda na danna ba daidai ba. Kullum ina ganin fuskar matar nan." Na ce to, Anti, zan duba.

In na yi magana aikina ya tafi, ƙila har hukuma ta shigo. In na yi shiru, baiwar Allah na ɗauke da alhakin ran da ba ita ta salwantar ba. Ta ce za ta zo gidanmu ranar Juma'a. Jama'a, me zan yi?