Maganin Ɓerayen Mu'mina

Litinin, 10 ga Fabrairu, 2025
Gwiwoyin nan sun sake kumbura. Da azahar sai da na dafa bango kafin na taso daga sujada. Mu'mina, autata, ta gani. Wai in riƙa salla a zaune. Ni? Tun ina makarantar allo goshina ke taɓa ƙasa. Ba yanzu zan daina ba, ga azumi a bakin ƙofa.

Alhamis, 13 ga Fabrairu
Ashe aikin da take yi a jami'a a kan kumburi ne. Ta ce akwai wani furotin a jiki mai jigilar ɗan jan ƙarfen da muke samu a abinci, kuma da hannunsa a hura kumburi. Su kuma suna gwada sinadaran da za su taka masa birki. A jikin ɓeraye! Wai kumburin ƙafarsu ya sauka. Na ce to ɗebo mini. Ta yi dariya. Ni ban yi ba.

Asabar, 15 ga Fabrairu
"Umma, ba a gwada shi a mutum ba." Na ce ga mutum nan zaune.

Laraba, 19 ga Fabrairu
Asibiti take so ta kai ni. Ba inda zan je. Magani na hannun 'yata, in tafi bin layi? Ta ce amana ce, ko ɗigo ba ya fita daga ɗakin gwaji. Ta san inda za ta kama ni, yarinyar nan. Amma ban ci tuwonta ba.

Lahadi, 23 ga Fabrairu
Anjelina, abokiyar aikinta, ta zo daga Jigwada ta tarar Mu'mina ta tafi kasuwa. Na ja ta ɗaki na roƙe ta. Allah Ya yafe mini, a bayan idon 'yata.
"Mama, ko gidan nan kika ba ni, ba zan kawo ba."
Sai ta rage murya. Wai wasu daga ɓerayen da suka samu sauƙi, hantarsu ta lalace. Mu'mina ce ta buɗe cikinsu ta gani, ta fita waje ta zauna a ƙasa tana cewa, da Ummata ce fa?
Na ce ni ba ɓera ba ce.
"Shi ya sa, Mama."

Juma'a, 28 ga Fabrairu
Da la'asar na yi sujada, tashi ya gagara. Na daɗe a haka, ba tasbihi nake ba, neman yadda zan yi nake. Mu'mina ta ɗaga ni, ta tsaya tana kallona kawai. Gara ma da ta yi faɗa.

Talata, 4 ga Maris
Jiya mun je asibiti. Don ta daina yi mini wannan kallon ne kawai. Sun ba ni ƙwayoyi, a sha bayan buɗa-baki.
Azahar a zaune a bakin gado na yi ta. Ba wai na yarda ba ne, kafin gwiwar ta sake ni ne. Sai dai na kai ƙarshen sura ban tuna ina da gwiwa ba.