Hodi Yana Jiran Ummaru

Litinin, 3 ga Agusta, 1992

Adawiyya, 'yar abokina Hodi, ta zo daga Argungu jiƙe sharkaf. Ta ce ubanta ya bar cin abinci. Tun da ruwa ya cika fadama hankalinsa ya juya. Yini yake a bakin gulbi, wai Ummaru yake jira.

"Baba Atiku, wa na Ummaru? Mu ba mu san shi ba."

Na ce mata ina nan tafe. Tambayar kuwa na bar ta a nan.

Laraba, 5 ga Agusta

Ban tafi ba. Na ce wa matata Riskuwa gwiwa ke damuna. Kallona kawai ta yi.

Alhamis, 6 ga Agusta

Mu uku muka gudu Sakkwato muka shiga soja lokacin yaƙin Boma: ni, Hodi da Ummaru. Ba wanda ya tilasta mu. Takalmi da hula muka gani a jikin wani kurtu, shi ke nan. Ko gemu ban fara ba.

Can kuwa dako muka tarar. Akwatin harsashi a ka, daji ba iyaka, ruwa ba ya ɗaukewa, matsattsaku a cinya. Wata rana muna ƙetare kogi aka buɗe mana wuta daga ɗaya gaɓar. Na ga akwatin Ummaru ya nutse, sannan shi. Hodi ɗan masunta ne, ya yi ta nutso yana lalube har saje ya sa aka riƙe shi. Ba gawa, ba sallah.

Da muka dawo, uwar Ummaru ta tambaye mu wa ya yi masa wanka. Tun daga ranar ni da Hodi ba mu ƙara ambaton sunan ba.

Lahadi, 9 ga Agusta

Argungu. Na iske shi a bakin gulbi, ya rame, wuya kamar sillen kara. Bai tambayi gida ba.

"Kofur, Ummaru ya zaka?"

Tun a mota na shirya gaya masa gaskiya. Sai na ji bakina yana cewa, "Ya ƙetare, yana gaba. Oda ce, kowa ya ci abinci."

Ya ɗaga hannu ya sara mini. Ya cinye tuwon shinkafar da aka kawo masa tas. Adawiyya tana hawaye tana godiya, ni kuwa na kasa dubanta. Ƙarya ga mai furfura. Allah Ya yafe mini.

Jumma'a, 14 ga Agusta

Ban san abin da liman ya ce a huɗuba ba. Don Hodi na yi ƙaryar nan, ko don kaina?

Asabar, 22 ga Agusta

Na koma. Muna zaune, sai ya kira ni da sunana, ba kofur ba.

"Atiku, na san bai ƙetare ba. Hannuna ya taɓi rigatai a ƙarƙashin ruwa. Ruwan ya hi ni ƙarhi."

Bai taɓa gaya mini wannan ba. Na ce, "Ka yi iyakarka, Hodi. Ina wurin." Muka ɗaga hannu muka yi wa Ummaru addu'a, da sunansa da na ubansa.

Ba a jima ba ya koma kirana kofur, yana tambayata ko jirgin da ke kawo wa soja abinci ya iso.

Talata, 1 ga Satumba

Yana ci wata rana, wata rana ya ƙi. Likita bai ba Adawiyya ƙarfin gwiwa ba. Duk Asabar zan riƙa zuwa. Saboda yarinyar ne, ita kaɗai ke fama.

Yau Riskuwa tana tsince shinkafa ta ce, "Malam, mi kuke ta hira da shi can?"

Na ce ba komai. Sai kuma na jawo kujera kusa da ita, na soma tun daga Sakkwato. Aka kira azahar ban kai ga kogin ba.

Ta ce gobe ma tana nan.